Idan hankali daban jiki daban, me ke ɗaga hannu?

Duk ɗalibin da ya kai ajin tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, a Maraɗi sai ya haɗu da René Descartes, masanin falsafa Bafaranshen nan da ake kira Dekart, tun kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso. Yawanci kuma hannu bibbiyu ake karɓarsa. Bayan an gaji da jin sunayen masanan da ake zargi da rashin addini, sai ga wani yana cewa mutum abu biyu ne, hankali daban jiki daban, kuma hankalin na iya wanzuwa ko babu jikin. Nan da nan yara kan ce ai wannan namu ne, abin da aka koya mana ke nan tun a makarantar allo. Daga nan duk wanda ya soki Dekart ya zama abokin gaba. An yi gaggawa. Rabon da Dekart ya yi ba shi ne abin da malaman tauhidi da yawa suka faɗa a kan ruhi ba, kuma sukar da ta fi yi masa illa ba daga bakin marasa addini ta fito ba.

A littafinsa na 1641, wanda ya tsara a matsayin zaman tunani shida, ya ce halitta iri biyu ce. Akwai abin da ke cin wuri, mai tsawo da faɗi da kauri, wanda ake aunawa a kuma rarraba: dutse, ruwa, tsoka, ƙashi, har da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma abin da ke tunani, wanda ba shi da tsawo ba shi da faɗi, ba a kuma raba shi gida biyu. Shakka, niyya, fahimta, so da ƙi, duka aikin wannan na biyun ne. Jiki a wurinsa inji ne, mai ban mamakin ƙira amma dai inji. Hujjarsa da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ta shakka: ina iya shakkar cewa ina da jiki, don wataƙila mafarki nake yi, amma ba na iya shakkar cewa ina tunani, tunda shakkar kanta tunani ce, ashe ni ɗin ba jikin ba ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga shi zuwa kusa da nan da wajen shekara 600. A littafin Shifa ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu da cikakken hankalinsa, yana rataye a sararin iska, ba ya ganin komai, gaɓoɓinsa a wawware babu mai taɓa wata. Ba zai san yana da hannu ko hanji ba, amma zai san akwai shi.

Hujjar na da daɗin ji, sai dai ba a je ko'ina ba aka gano inda take yoyo. Dekart da kansa ya sa aka rarraba littafin ga masana kafin bugawa, aka buga sukarsu tare da amsoshinsa. Cikinsu akwai Antoine Arnauld, matashin malamin addinin Kirista a Faris. Ya ce mutum na iya tabbata cewa alwatikar da ke gabansa tana da kusurwa mai digiri 90, alhali yana shakkar ƙa'idar Fitagoras, wato ƙa'idar lissafin tsawon gefunan irin wannan alwatika, a kanta. Shakkarsa ba ta cire ƙa'idar daga jikin alwatikar ba, ƙarancin saninsa kawai ta tona. Mu sauko da ita ƙasa. Da hunturu ka hango mutum tafe, ya ja amawali ya rufe fuska. Ka san mahaifinka sarai, wannan kuwa kana shakkar ko wane ne. Za ka yanke hukuncin cewa ba mahaifinka ba ne? Sai ya sauke amawalin ya ce, "Kai, yaushe ka daina gaida mutane?" Abin da kake iya shakka a kai labarin saninka yake bayarwa, ba labarin yadda abin yake ba. Mai ratayen nan na Ibn Sina ma haka: don bai san yana da jiki ba, wannan bai nuna cewa ba jikin ne ke yin sanin ba. Dekart ya amsa cewa shi ba da shakka kaɗai ya dogara ba, yana da cikakkiyar fahimtar hankali a matsayin abu mai zaman kansa. To ai cikar fahimtar ita ake gardama a kai tun farko.

Wadda ta ritsa shi a inda ba ya iya zillewa kuwa ba malamar jami'a ba ce. Elizabet, gimbiyar Bohimiya, shekararta 24, tana zaman gudun hijira da danginta a birnin Hag na ƙasar Holan bayan mahaifinta ya rasa sarauta. A watan Mayun 1643 ta rubuta masa wasiƙa tana roƙon ya gaya mata yadda abin da ba shi da aiki sai tunani yake motsa jiki. Da ilimin da shi kansa ya koyar ta kama shi. A kimiyyarsa abu ba ya motsi sai an tura shi, turi sai da taɓawa, taɓawa kuma sai abin da ke da gefe da faɗi. Ya cire wa hankali duk waɗannan. To da me yake turin?

Gwada da kanka. Yi niyyar ɗaga hannun dama, ka ɗaga. Tsoka ta motsa ne saboda saƙon da jijiya ta kawo, jijiyar daga laka ta karɓo, laka daga ƙwaƙwalwa. Ka yi ta bin sawu da baya, kowane mataki abu ne mai wuri yana taɓa abu mai wuri. A ra'ayin Dekart dole a sami mataki na farko inda abin da ba ya cin wuri ya ture abin da ke cin wuri. Wannan matakin Elizabet ta ce a nuna mata.

Ya fara da kame-kame. Ya ce haɗuwar rai da jiki wata fahimta ce ta asali da ba a warware ta da wata, ya kuma ce ta duba yadda mutane ke ɗaukar nauyi a matsayin wani ƙarfi da ke jan dutse ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Ta tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce wannan fahimtar ta nauyi kuskure ce, ta yaya kuskure zai haska gaskiya? Sannan ta faɗi maganar da har yau ake maimaitawa: ya fi mata sauƙi ta yarda rai na da jiki da faɗi, a kan ta yarda abin da ba shi da jiki yana motsa jiki. Ta ƙara da wata tambayar. In rai bai dogara da jiki ba, me ya sa ɗan tururin da ya hau kai yake ɗauke wa mutum tunaninsa gaba ɗaya? A wasiƙarsa ta ƙarshen Yuni sai ya ba ta shawarar rage zurfafa tunani, wai a zaman yau da kullum da hira da mutane ake gane haɗuwar rai da jiki. Ta amsa cewa gaɓoɓinta sun nuna mata rai na motsa jiki, amma ba su nuna mata ta yaya ba. Ya girmama ta ƙwarai, har ya sadaukar mata da littafinsa na 1644, amma a ganina ya mutu a Suwidin a 1650 da bashin tambayarta a wuyansa.

Abin da ya iya yi shi ne nuna wuri. A littafinsa na 1649 kan motsin zuciya ya ce mahaɗar tana wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira finiyal, wanda bai kai santimita 1 ba. Ya zaɓe shi ne don sassan ƙwaƙwalwa bibbiyu suke, dama da hagu, shi kuwa tilo ne. Wai rai na karkata shi, shi kuma ya karkata wata siririyar iska da ke gudana cikin jijiyoyi. A 1665 masanin gaɓoɓi Niels Stensen, ɗan ƙasar Denmak, ya yi lacca a Faris ya nuna ƙullutun ba haka yake zaune ba, ba ya kuma lilo yadda Dekart ya zana. Spinoza, masanin falsafa ɗan ƙasar Holan, ya yi mamakin yadda mutumin da ya sha alwashin ba zai karɓi komai ba sai bayyananne ya ɓige da zancen da ya fi na waɗanda yake suka duhu. Yau an san aikin ƙullutun: yana fitar da sinadarin melatonin, wanda aka gano a 1958, mai daidaita barci da farkawa. Amma ko da zanen Dekart ya yi daidai, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙullutun ma jiki ne. An ɗauke tambayar daga hannu an kai ta tsakiyar kai, tana nan yadda take.

Wani ɗan Afirka ta Yamma ya biyo ta ɗaya hanyar, wato daga jiki zuwa rai. Anton Wilhelm Amo, wanda aka ɗauke shi yana yaro daga yankin Aksim na Gana ta yau aka kai shi Jamus, ya kare kundinsa a jami'ar Witenbag a 1734. Shi ma ya yarda hankali ba jiki ba ne, amma ya ce Dekart ya tufka ya warware da ya ce rai na jin abin da ya sami jiki. Ji yana buƙatar a taɓa ka, abin da ba shi da jiki kuwa ba a taɓa shi. Ƙaya ta soke ka a gona, rayayyen jikinka ne ya ji, hankali sani kawai ya yi. Amo ya gyara wa Dekart lissafi, amma dubi kuɗin gyaran: zafi, yunwa, ƙishirwa, sanyi, duk sun tashi daga ɓangaren hankali sun koma na jiki. Kuma har yanzu da sauran bayanin yadda labarin sukar ya isa ga mai sanin.

Magadan Dekart sun ga ramin, kowa ya yi ta maza. Malebranche, limamin Katolika, ya ce rai ba ya motsa jiki sam. In ka yi niyya, Allah ne ke ɗaga hannun a daidai lokacin. Wanda ya yi karatun zaure zai ji maganar ba baƙuwa ba ce, don Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa a littafinsa Tahafut cewa ba wuta ce ke ƙona auduga ba, Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin da suka haɗu. Leibniz, masanin falsafa Bajamushe, kuma ya ce rai da jiki kamar agogo biyu ne da aka saita tun farko, suna bugawa tare ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. Ko mutum ya karɓi ɗaya daga cikin biyun, ya lura da abin da ya sallama. Dukansu sun amsa wa Elizabet ne da cewa gaskiyarki, ba ya turi.

A zamaninmu Jaegwon Kim, ɗan asalin Koriya da ya koyar a Amurka ya rasu a 2019, ya ƙara wa tambayar kaifi ta inda ko zancen taɓawa ba a buƙata. Ga mutum biyu a sahu ɗaya, liman ya yi kabbara, kowannensu ya yi niyyar ɗaga hannu a lokaci guda, hannuwa suka tashi. Me ya sa niyyar wannan ta ɗaga hannun wannan, ba na maƙwabcinsa ba? A tsakanin abubuwa masu jiki amsar a fili take, sai a bi hanya a ga wanne ke kusa, wanne ke haɗe da wanne. Rayukan Dekart kuwa ba su da wuri, babu na kusa babu na nesa. In ka ce ai jikinsa ne, an tambaye ka me ya sa ya zama nasa, kuma ba ka da amsa sai cewa shi ne yake motsa shi, ka ga an dawo inda aka taso. Wannan ita ce sukar da na fi ganin ƙarfinta bayan ta Elizabet, don ba ta jingina da kimiyyar wani zamani ba.

Akwai wadda ake yawan kawowa daga fiziks, cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, don haka in rai na tura ƙwaƙwalwa daga waje lissafi zai ɓaci. Ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Dokar tana aiki ne a kan abin da ba a shigo masa daga waje, mai kare Dekart kuwa abin da yake faɗa ke nan, ana shigowa. Abin da ya fi nauyi shi ne masu binciken jijiyoyi sun daɗe suna bin sawun saƙo daga ƙwayar ƙwaƙwalwa zuwa ƙwaya, ba su ci karo da giɓin da ke neman wani baƙon turi ba.

Sai hujjar da ba ta buƙatar littafi. Wanda ya taɓa jinyar dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin dama ya shanye, ya san ta. Ƴarsa ta durƙusa ta ce, "Baba, kunu za ka sha ko fura?" Ya dube ta, ya gane ta sarai, leɓɓansa na motsi, kalmar ta ƙi fitowa, sai ya kau da kai don takaici. Amma a ja masa Fatiha, wani sa'in sai ya bi har ƙarshe. A 1861 likita Paul Broca ya duba wani majinyaci a Faris, Louis Victor Leborgne, wanda ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", ko da yake yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya mutu aka buɗe kansa, aka sami lalacewa a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa shanyewar dama ce ta fi zuwa da ɗaukewar magana, don ɓarin hagu ke riƙe da daman jiki.

Mai kare Dekart na da amsa a nan, kuma ba ta banza ba ce. Ƙwaƙwalwa kayan aiki ce, in ji shi. In kayan aiki ya lalace aiki zai lalace, ma'aikacin kuwa yana nan lafiya lau. A kan dattijon nan amsar ta zauna daram, don ka ga mutumin yana ciki, hanyar fita ce ta toshe. Matsalar ita ce ba a nan lalacewar ke tsayawa ba. Tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama ta dubi ɗan da ta haifa ta ce, "Bawan Allah, daga ina?" Wannan ba hanyar fita ce ta toshe ba, sanin ne babu. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, ko sanƙarau ya kama shi a watannin zafi, wani ya tashi amma fahimtarsa ba ta dawo yadda take ba. Matashin da ya saba da taramol, ka san shi da kunya, yanzu ƙwaya ta canza masa abin da yake so da abin da yake tsoro. Sani, hukunci, niyya, hali: waɗannan su ne Dekart ya ce aikin ma'aikacin ne, ba na kayan aiki ba. In duk sun bi lafiyar ƙwaƙwalwa, me ya rage a hannun ma'aikacin?

A nan ake yawan jawo labarin Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Bamont ta Amurka, wanda a ranar 13 ga Satumba 1848 wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita 1 ya shiga ta kuncinsa na hagu ya fita ta ƙoƙon kai. Ya rayu, likitansa John Harlow ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa na cewa ba shi ba ne. Sai dai a yi hattara, an yi wa labarin gishiri da yawa. Mutumin ya yi shekaru daga baya yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Cile, aikin da ba a ba wanda ba ya riƙe kansa, kafin ya mutu a 1860. Abin da ake gani kullum a ɗakin tiyata ya fi shi ƙarfi. An yi wa mutum allurar barci, aka yi awa 3 ana aiki a cikinsa, ya farka yana tambaya ko an fara. Dekart ya ce tunani shi ne zatin rai, don haka rai ba ya daina tunani ko na ƙiftawar ido, mantawa kawai muke yi. John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, ya ƙi wannan tun a ƙarshen ƙarni na 17, yana ganin tunanin da mai shi bai san da shi ba, ba ya kuma tuna shi, ikirari ne da babu mai iya kawo masa shaida.

Har cewar Dekart ba a raba hankali gida biyu ma an taɓa ta. A shekarun 1960 Roger Sperry da Michael Gazzaniga sun yi bincike a Kalifoniya kan masu farfaɗiya mai tsanani da aka yanke musu gadar da ke haɗa ɓari biyu na ƙwaƙwalwa. A haska hoton wani abu ta gefen hagu na ganin mutum, a tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba. A ce ya laluba da hannun hagu, sai ya zaro abin daga cikin tarkace. Sperry ya sami kyautar Nobel a 1981. Masana na gardama har yau ko mutum biyu ne a kai ɗaya ko mutum ɗaya ne da saninsa ya tsage. Ko wanne aka ɗauka, wuƙar likita ta yi wa abin da aka ce ba ya rabuwa wani abu.

Dabbobi kuma Dekart ya ce injuna ne zalla, tunda ba su da rai mai tunani. Ra'ayin ne ya tilasta masa, don a tsarinsa babu tsaka-tsaki, ko kana da hankali cikakke ko ba ka da komai. Matar da ke kiwon jar akuya a ƙauyukan Maraɗi, wadda ke bambance kukan yunwa da kukan uwar da aka raba da ɗanta, ba za ta saurari wannan ba. Umarnin da aka yi mana na wasa wuƙa a hutar da abin yanka ma ya ginu ne a kan cewa dabbar na ji.

Gilbert Ryle na Oksfod ya zo a 1949 ya ce tambayar ce tun asali a karkace. Ya kira ra'ayin Dekart fatalwa a cikin inji. Misalinsa baƙo ne da aka zagaya da shi ɗakunan karatu da ofisoshi da filayen wasa, ya gama gani ya ce to ina jami'ar? Ya zaci jami'a wani gini ne na daban, alhali tsarin waɗanda ya gani ɗin ne. Haka hankali, in ji Ryle, ba wani abu ba ne a bayan ayyukan mutum. Yadda yake magana da lissafi da gyara kuskurensa da riƙe amana, shi ne hankalin nasa. Akwai gaskiya a ciki. In muka ce yaro ya yi hankali ba muna nufin an saka masa wani abu a kai ba. Amma Ryle ya wuce gona da iri. Mai ciwon haƙori da ya daure bai nuna wa kowa ba, ciwon na nan, kuma ba hali ba ne.

Nan ne masu sukar Dekart su ma suke cijewa, kuma adalci ne a faɗa. Leibniz ya ce a 1714, ka ƙaddara an faɗaɗa inji mai tunani har ka shiga ciki kamar yadda ake shiga gidan niƙa. Ba za ka ga komai ba sai ƙarafa na tura juna, ba za ka ga ji ba. Thomas Nagel a 1974 ya ce ko ka san komai game da ƙwaƙwalwar jemage, ba ka san yadda zama jemage yake ga jemagen ba. David Chalmers a 1995 ya raɗa wa wannan suna tambaya mai wuya: me ya sa aikin ƙwaƙwalwa ke zuwa da ɗanɗano, da zafi, da ganin ja, maimakon ya gudana a duhu? Babu wanda ya amsa ta yadda kowa ya gamsu. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi wa malaman falsafa a 2020, galibinsu na jami'o'in ƙasashe masu magana da Ingilishi, kimanin kashi 52 cikin 100 ne suka karkata ga cewa hankali abu ne na jiki, kimanin kashi 32 suka ƙi. Sai dai rashin bayanin ji bai dawo da Dekart ba. Cewa ba mu san yadda nama ke ji ba magana ce daban, cewa akwai wani zati marar wuri da ke yin jin magana ce daban. In an tambayi yadda shi wannan zatin yake ji, amsar ba ta wuce cewa ai aikinsa ke nan.

To ina malamanmu a wannan gardamar? Ba a layin Dekart da yawansu suke ba. Alƙur'ani a suratul Isra'i, aya ta 85, ya ce ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ibrahim Laƙƙani, Bamalike ɗan Masar da ya rasu a 1631, wato zamani ɗaya da Dekart, ya ce a Jauharatut Tauhid kada a kutsa cikin zancen ruhi, sannan ya ambaci abin da aka samo daga mazhabar Malik cewa sura ce kamar ta jiki. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya tattara ra'ayoyi a Kitabur Ruh ya zaɓi cewa ruhi jiki ne mai laushi, mai haske, wanda ya saɓa wa wannan da muke taɓawa, yana ratsa gaɓoɓi kamar yadda ruwa ke ratsa fure, mai ke ratsa zaitun, wuta ke ratsa gawayi. Ruhin da ake zarewa, a hau da shi, a dawo da shi, ruhi ne mai wuri. Gazali kansa, duk da cewa a wasu littattafansa ya karkata ga ruhi marar jiki, ya ware babi a Tahafut yana nuna masu falsafa ba su iya tabbatar da hakan da hujjar hankali ba, kuma cikin mas'aloli 3 da ya kafirta su a kai har da musun tashin jikkuna. Addinin da ya ce hannuwa da ƙafafu za su ba da shaida ranar hisabi bai ɗauki jiki a matsayin injin haya ba. Fiƙihu ma ya raba abin da Dekart ya haɗe: an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, alhali ba wanda ya ce ruhinsu ya ƙare. Ke nan hankali na zuwa yana tafiya, yana girma da girman yaro, yana bin lafiyar jiki. Ko kurwar da mutanen gargajiya ke cewa maye na kamawa ya ɓoye, abu ce da ake kamawa a ɓoye, ba irin ta Dekart ba.

Masu kare rabuwar rai da jiki ba su ƙare ba, Richard Swinburne na Oksfod na cikinsu. Amma wasunsu sun ja da baya taki ɗaya. Tun Dekart na da rai Henry More na Kambirij ya rubuta masa cewa ruhi ma dole yana da faɗi, kuma a 1999 William Hasker na Amurka ya kare ra'ayin cewa rai na ɓullowa ne daga aikin ƙwaƙwalwa, yana kuma da wuri a inda take. Wannan ya warware matsalar mutum biyu a sahu ɗaya, don yanzu kowane rai yana inda jikinsa yake. Ya kuma rage nisan da ke tsakaninsu da Ibnul Ƙayyim. Sai dai ya jawo musu sabon bashi. Abin da ke da wuri, yake kuma tura ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya shigo gonar da ake awo, kuma mai awo na da damar tambayar a wane sashe yake turin, da wane ƙarfi, da kuma dalilin da ya sa allurar likitan tiyata ke tsayar da shi.